Daga Raspberry Pi 4 zuwa Pi 5: Yadda Za Ka Tantance Tsofaffin Kayanka Kafin Ka Jona Su

Kwanakin baya ɗan yayana, wanda ke ajin ƙarshe a fannin injiniyan lantarki, ya shigo mini da leda cike da wayoyi, fuska a murtuke. Aikinsa na kammala karatu na'ura ce mai lura da tankin ruwa: in ruwa ya yi ƙasa ta kunna injin turo ruwa, in ya cika ta kashe, sannan ta aiko da saƙon tes. A kan Raspberry Pi 4 na aro, wato 'yar ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu, ya haɗa komai. Mai abu ya karɓe abinsa, shi kuma ya tattara 'yan kuɗinsa ya sayi Pi 5.

"Baffa, ƙafafun nan arba'in ne a can, arba'in ne a nan, sai da na ƙirga. Amma wallahi ko rile ɗaya ya ƙi motsi."

Rile shi ne makunnin lantarkin da ke kunna injin ya kashe shi. Na ce masa kama da wane ba ta wane. Kwana biyu muka yi a kai, kuma abin da ke ƙasa shi ne tsarin da muka bi, a jeren da nake ganin ya fi sauƙi ga aljihu.

Me ya canja a ciki?

Pi 5 ta fito ne a watan Oktoba na 2023, shekara huɗu bayan Pi 4. Girman bod ɗin bai canja ba, milimita 85 da 56, ramukan noti huɗu suna inda suke, ƙafafun GPIO arba'in ɗin nan da ake jona kaya a kansu ma jerinsu ɗaya tun 2014. Wannan ne ke yaudarar mutane. Ƙwaƙwalwarta BCM2712 ce mai gudun 2.4GHz, ta ninka ta Pi 4 sauri sau biyu zuwa uku. Amma canjin da ya shafi kayanka ba saurin ba ne. Wani ɗan guntun cif ne mai suna RP1 da kamfanin ya ƙera da kansa. A da, ƙafafun GPIO kai tsaye suke shiga babbar ƙwaƙwalwa. Yanzu RP1 ne mai gadin ƙofa: GPIO da USB da ramin intanet da kyamara duk ta hannunsa suke bi. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙananan bod ɗin da ake ɗorawa a kan ƙafafun nan ana kiransu HAT, wato hula, kuma hula zan riƙa ce musu.

Mataki na 1: Wuta

Kada ka fara da manhaja. Rabin matsalolin da ake ɗora wa Pi 5 a nan Kano na caja ne.

Pi 4 bolt 5 da amfiya 3 take buƙata. Pi 5 za ta tashi da wannan cajar, amma don ta saki jiki amfiya 5 take so, shi ya sa cajar kamfanin ta wat 27 ce. Idan ta lura cewa cajar ba ta kai amfiya 5 ba, sai ta taƙaita wutar da take bai wa ramukan USB huɗu gaba ɗaya zuwa 600mA. Da caja mai ƙarfi kuwa 1.6A take bayarwa. Kibod da linzami ba za su damu ba. Amma ka jona hadis (hard disk) na waje ko modem, sai ka ga yana ɗaukewa yana dawowa, ka yi ta zargin hadis ɗin alhali yunwa yake ji.

Ga inda mutane ke faɗawa: cajar laftof mai USB-C da aka rubuta wat 65 a jikinta. Mutum ya ga 65 ya ce ai ta wuce 27 nesa ba kusa ba. Wat 65 ɗin nan a bolt 20 take bayar da shi, ita kuwa Pi bolt 5 kaɗai take karɓa, kuma yawancin irin waɗannan cajojin amfiya 3 ce iyakarsu a bolt 5. Don haka in ka shiga Farm Centre ko Beirut Road neman caja, ƙyale babban rubutun gaban kwali. Juya cajar ka karanta ƙananan rubutun bayanta, ka nemi layin da ya ce 5V da 5A. In babu, ka san abin da ka saya.

Bayan ka kunna, buɗe tasha, wato Terminal inda ake rubuta umarni, ka rubuta:

vcgencmd get_throttled

Idan amsar 0x0 ce, lafiya lau. Idan ka ga 0x50000, wuta ta taɓa yin ƙasa tun da aka kunna. Idan 0x50005 ce, a yanzu haka ma tana ƙasa. Sau da yawa ba cajar ba ce, kebul ɗin ne siriri ko dogo. Sauya shi da gajere mai kauri kafin ka kashe kuɗi a wata cajar.

Masu sola da batir, waɗanda ke saukar da bolt 12 zuwa 5 da ƙaramar na'urar rage wuta su shigar ta ƙafafun GPIO: Pi ba ta da hanyar sanin ƙarfin abin da kuka ba ta, don haka za ta ɗauka amfiya 3 ce. In kun tabbata na'urarku tana iya amfiya 5, ku ƙara wannan layin a fayil ɗin /boot/firmware/config.txt:

usb_max_current_enable=1

Ku auna da mita tukuna, ku saita ta a kan 5.1, kafin waya ta taɓa bod. Wutar da ta shiga ta ƙafa ba ta da wani mai tace ta, kuskure ɗaya ya isa.

Mataki na 2: Zafi, wanda a Kano ba abin wasa ba ne

Pi 4 kan yi haƙuri da ɗan ƙarfen shanye zafi da aka manna mata. Pi 5 ta fi ta zafi sosai. In ta kai digiri 80 takan fara rage gudu da kanta, a 85 ta rage sosai. Wanda ya rubuta a intanet cewa tasa tana aiki lafiya ba fanka, tambayi a wane gari yake. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, lokacin da inuwa ma ke kai digiri 40, kuma an ɗauke wuta fankar sama ta tsaya, wata duniya ce daban.

Pi 5 ta zo da ramin fanka nata na musamman mai ƙafa huɗu, kusa da ramukan USB. Kamfanin na sayar da Active Cooler, ƙarfen shanye zafi haɗe da fanka, wanda ake danna shi cikin wasu ramuka biyu da aka tanada. Fankar ba ta juyawa sai zafi ya kai digiri 50, daga nan ta riƙa ƙara gudu har ta ƙure a 75. Don haka in ka kunna ka ga ta juya sau ɗaya ta tsaya, ba lalacewa ta yi ba.

Tsohuwar fankarka mai waya biyu da ke jone a ƙafar bolt 5 za ta yi aiki, sai dai ba ta hutawa, kuma ta tare ƙafafun da hula za ta zauna a kai. Shawarata ka sayi mai ramin nan.

Duba zafi da vcgencmd measure_temp, kuma ka duba da azahar, ba da asuba ba. In hunturu ya shigo kuma, ƙura kan toshe haƙoran ƙarfen. Buroshi mai laushi duk bayan 'yan makonni ya wadatar.

Mataki na 3: Gwada zaman jiki kafin ka kunna

Zare caja. Ɗauki kowane kaya ka gwada shi a kan bod da ido da hannu.

Kes ɗin Pi 4 ba zai shiga ba. A Pi 4 an kai ramin intanet ɓangaren ƙafafun GPIO, a Pi 5 an mayar da shi inda yake a Pi 3, ya yi musaya da ramukan USB. Kes ɗin Pi 3 ma ba zai yi ba, domin ramukan HDMI ƙanana biyu ne irin na Pi 4. Na ga masu fafe kes da reza. Yana yiwuwa, amma za ka rasa hanyar maɓallin kunnawa, kuma iska ba za ta wadata ba.

Hula kuwa, matsalarta tsayi ne. In ka sa Active Cooler, hular da ke da kaya a ƙasanta za ta iya dannar fankar ko ta toshe mata iska. Maganinsa ƙarin soket mai dogayen ƙafafu da ake sakawa tsakani ya ɗaga hular, tare da dogayen ginshiƙan noti. Kada ka danna hula da ƙarfi don ta zauna. In ƙarfen ƙasanta ya taɓa ƙarfen shanye zafi, abin da zai biyo baya ƙauri ne.

Akwai hula ɗaya da babu dabara a kanta: ta PoE, mai ɗauko wuta daga kebul ɗin intanet. Ƙananan ƙafafu huɗun da take kamawa sun bi ramin intanet sun ƙaura, don haka ta Pi 3B+ da Pi 4 ba za ta hau Pi 5 ba. Sai dai wadda aka yi domin Pi 5.

Mataki na 4: Ribon na kyamara da na allo

Nan ɗan yayana ya kusa yin ɓarna, yana ƙoƙarin cusa ribon mai faɗi, wato shimfiɗaɗɗiyar wayar kyamara, a rami siriri.

Pi 4 tana da rami ɗaya na kyamara, ɗaya na allo, kowanne mai layi 15. Pi 5 tana da ramuka biyu masu layi 22, sun fi ƙanƙanta, kuma kowannensu na karɓar kyamara ko allo. Wato za ka iya sa kyamara biyu a lokaci guda, abin da a da sai da dabara. Kyamararka ta da tana nan da amfaninta, ribon kawai za ka sauya: mai layi 22 a gefe ɗaya, 15 a ɗaya gefen. In kana da ribon na kyamarar Pi Zero a ajiye, shi ne wannan.

Abin lura: ribon na kyamara daban, na allo daban, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. Jerin layukan cikinsu ba ɗaya ba ne. Karanta abin da aka rubuta a jikinsa kafin ka biya. Kuma ɗan maƙullin robar da ke riƙe ribon ɗin ba shi da ƙwari ko kaɗan, da farce ake ɗaga shi a hankali, kuma sai an zare wuta.

Akwai rami na uku mai kama da su a gefen bod ɗin, mai layi 16. Wannan na PCIe ne, kada ka sa kyamara a ciki.

Mataki na 5: Sauti

An cire ramin iyafis. Ga wanda ya haɗa Pi da amfilifaya don sa karatu a makarantar Islamiyya ko a shago, wannan ne zai fara ci masa tuwo a ƙwarya. Mafita mafi araha ita ce 'yar na'urar sauti ta USB, irin mai ramuka biyu kore da ja. Sauti na fita ta HDMI da Bluetooth ma, akwai kuma hulunan sauti ga mai son tsabtar murya. Hoton tsohuwar talabijin mai jan waya da rawaya, wanda a Pi 4 ta wannan ramin yake fita, yanzu sai ka liƙa waya da dalma a wasu 'yan ɗigo biyu da ke kan bod.

Mataki na 6: Sabon kati, sabuwar manhaja

Kada ka zaro katin memori daga tsohuwar Pi ka zura a sabuwa. In tsohuwar manhajar Bullseye ce a kai ko wadda ta girme ta, ba za ta tashi ba. Pi 5 sai Raspberry Pi OS Bookworm ko abin da ya biyo bayansa. Samo wani katin, ka rubuta masa sabuwar manhaja da Raspberry Pi Imager, ka bar tsohon yadda yake domin ka kwafo fayilolinka daga ciki. Da ta tashi:

sudo apt update
sudo apt full-upgrade

Zai ci data, don haka ka yi shi inda kake da wadatarta, kuma a kan inbata ko batir. Ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aikin na iya lalata katin.

Abubuwa uku za su ba ka mamaki in tsofaffin darussa kake bi. Fayil ɗin config.txt ya koma /boot/firmware/. Umarnin raspistill ya tafi, yanzu rpicam-hello ne na gwada kyamara, rpicam-still na ɗaukar hoto, a Python kuma Picamera2. Na uku, pip install, umarnin girka kayan Python, zai ƙi, ya ce maka externally-managed-environment. Ba lalacewa ba ce. Ana so ka yi wa aikinka keɓaɓɓen wuri:

python3 -m venv --system-site-packages aikina
source aikina/bin/activate

Mataki na 7: Ƙafafun GPIO, inda gizo ke saƙa

Mu dawo kan RP1. Tsofaffin laburaren da aka fi amfani da su, wato shiryayyun umarnin da shirinka ke kira don sarrafa ƙafafun, irin su RPi.GPIO da pigpio, ba sa neman izinin kowa. Kai tsaye suke zuwa wani adireshi a cikin ƙwaƙwalwa su murɗa ƙafar da suke so. A Pi 5 sun je adireshin sun tarar mai gidan ya tashi. Shi ya sa shirin ɗan yayana ke mutuwa da wannan saƙon:

Cannot determine SOC peripheral base address

In ka ga wannan, hularka lafiyarta ƙalau, rile ɗinka ma haka. Hanya biyu ce. In shirin naka dogo ne ba ka son sake rubutu, akwai rpi-lgpio, wanda ke amsa sunan RPi.GPIO da umarninsa amma yana bi ta ƙofar da ta dace:

sudo apt remove python3-rpi.gpio
sudo apt install python3-rpi-lgpio

Dole a cire na farkon, domin su biyun ba sa zama tare. Da wannan kaɗai rile ɗinmu ya ce ƙas, ba mu taɓa ko layi ɗaya a shirin ba. In kuwa sabon aiki za ka fara, yi shi da gpiozero. Yana zuwa a cikin manhajar, ya fi sauƙin karantawa, kuma shirin da ka rubuta da shi zai yi aiki a tsohuwa da sabuwa.

Daga nan sai ka rarraba kayanka gida biyu. Waɗanda ke magana da Pi ta hanyoyin sadarwar da ake kira I2C ko SPI, kamar ƙananan allunan OLED, na'urorin auna zafi da danshi irin BME280, da masu karanta katin RFID, yawancinsu ba su san an yi canji ba. Kunna I2C a raspi-config, wato shirin saite-saiten Pi, ka rubuta i2cdetect -y 1, in lambar na'urar ta bayyana a jadawalin to ana jin ta. Gida na biyu su ne masu buƙatar a kaɗa ƙafa da tsananin sauri da daidaiton lokaci: fitilun WS2812 masu launi-launi, da manyan allunan LED irin na talla a bakin shago. Laburarensu na da sun dogara da kayan cikin tsohuwar ƙwaƙwalwa, don haka ba sa aiki yadda suke. Kafin ka sayi Pi 5 domin irin wannan aikin, je shafin wanda ya ƙera hular ka ga ko ya ambaci Pi 5 da sunanta. In bai ambata ba, ɗauka ba ta yi.

Bolt ɗin ƙafafun bai canja ba, 3.3 ne. Na'urar auna nisa HC-SR04 da muka sa a bakin tanki bolt 5 take mayarwa, don haka resisto biyun da ke rage shi suna nan daram.

Saura saƙon tes, wanda ya cinye mana yammaci guda. Modul ɗin SIM800L, mai ɗaukar layin waya ya aika tes, yana jone a ƙafa ta 8 da ta 10 kamar kullum, shirin yana buɗe /dev/serial0, amma shiru kake ji. Dalili shi ne Pi 5 ta zo da wani ɗan rami mai ƙafa uku tsakanin ramukan HDMI biyu, na masu binciken matsala, kuma sunan serial0 can yake nunawa. Shiga raspi-config, sashen Serial Port, ka ce a'a ga tambayar farko, i ga ta biyu. Tabbatar akwai dtparam=uart0=on a config.txt, sake kunnawa, sannan a cikin shirinka ka sauya sunan zuwa /dev/ttyAMA0. Masu GPS da na'urar karanta zanen yatsa, ku ma wannan ne maganinku. Shi SIM800L ɗin, a tuna, wutarsa daban ake ba shi, wajen bolt 4, domin yakan fizgi har amfiya 2 lokacin da yake neman sabis.

Mataki na 8: Abin da za ka iya ajiyewa, da abin da za ka iya ƙarawa

Agogo ne ya fi burge ni. Tsofaffin Pi ba su san lokaci ba sai sun hau intanet, shi ya sa duk mai na'urar ɗaukar sunayen ma'aikata ko ta ƙararrawar makaranta sai ya ƙara ɗan agogo mai batir da ake kira DS3231. In ba haka ba, a ɗauke wuta a dawo da ita, na'ura ta tashi da lokacin jiya. Pi 5 tana da agogonta a ciki, batir kawai za ka jona a ramin da aka rubuta BAT. Na kamfanin ML2020 ne mai caji, kuma cajin a kashe yake zuwa sai ka kunna shi da wannan layin a config.txt:

dtparam=rtc_bbat_vchg=3000000

In batir marar caji ka sa, irin CR2032, kada ka kuskura ka rubuta layin nan.

Ramin PCIe kuma shi ke ba ka damar sa NVMe, wato ma'adanar bayanai mai sauri, maimakon katin memori, ta hanyar hular M.2 HAT+ da ta fito a 2024, mai karɓar gajeru masu lamba 2230 da 2242. Dogon 2280 da aka fi cirowa daga laftof ba ya zama a kanta, sai a hulunan wasu kamfanonin. Sabunta da sudo rpi-eeprom-update -a, sannan ka zaɓi NVMe a Boot Order cikin raspi-config.

Masu batir, ga wani abu: ko ka kashe Pi 5, tana ci gaba da shan wajen wat ɗaya. Rubuta sudo rpi-eeprom-config -e ka mayar da POWER_OFF_ON_HALT zuwa 1, shan ya koma kusan babu. An bar shi a kashe ne saboda wasu tsofaffin huluna kan rikice in aka yanke musu bolt 3.3 alhali bolt 5 na nan. Gwada da taka hular a kai, ka kashe ka kunna sau uku ka gani.

Wani abin da aka rage: Pi 5 ba ta da sashen matse bidiyon H.264 da Pi 4 ke da shi, babbar ƙwaƙwalwa ce ke yin aikin da ƙarfinta. Tana iyawa, amma mai haɗa kyamarar tsaro da za ta yi ta naɗa dare da rana zai ga ƙarin zafi da ƙarin shan wuta. Irin wannan aikin, da na kunna rile da aika tes, ni da za a tambaye ni kafin a je kasuwa, Pi 4 zan ce a saya, a sa canjin a batir mai kyau. Ɗan yayana bai tambaya ba. Da muka lissafa caja, fanka, kes da ribon, sai da ya ƙara kuɗin da bai yi niyya ba, rabinsu kuma daga aljihun Baffa suka fito. Tankin dai yanzu yana cika ya tsaya, tes ɗin kuma wayata yake shigowa, domin lambata ya sa lokacin gwaji kuma har yau bai cire ba.